Digiri Na Biyu A Harhaɗa Magunguna: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



A zaman da muka yi na ƙarshen watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin wata-wata, wani dattijo daga cikinmu ya miƙe ya kawo kuka. Ɗansa ya karanta harhaɗa magunguna, ya yi horon shekara ɗaya, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana aiki a wani famasi a nan Minna. Sau biyu yana cika fom ɗin digiri na biyu, sau biyu sunansa bai fito ba. Roƙon baban shi ne ƙungiya ta rubuta takarda, a samu wani babba daga cikin 'yan jiharmu ya kai ta jami'ar da kansa, ko Allah zai sa a yi wa yaron alfarma.

Bai zauna ba sai wata baiwar Allah daga ɓangaren mata ta ce ita ma tana da irin wannan kuka. 'Yarta ta nemi gurbin bara ba ta samu ba. Da muka karɓi takardun yaran biyu muka duba, sai muka ga kukan ɗaya ne amma ciwon daban. Shi saurayin makinsa na digirin farko bai kai abin da sashen ke nema ba. Ita kuwa yarinyar makinta ya kai har ya wuce, amma jami'ar da ta gama ba ta aika da cikakkiyar takardar sakamakonta ba har aka rufe tantancewa.

Mun yanke shawarar ba za mu rubuta takardar alfarma ba. Mun kuma yanke shawarar za mu tsaya wa yaran biyu, kowanne ta hanyar da ta dace da matsalarsa. Wasu sun ji haushi, har wani ya ce to mene ne amfanin ƙungiya idan ba za ta buɗe wa ɗanta ƙofa ba. Wannan rubutu amsa ce gare su, kuma bayani ne ga iyayen da yaransu ke kan wannan hanya ko suke shirin hawanta.

Bari mu fara da abin da jami'o'i ke nema, domin da yawa daga cikinmu ba mu san shi ba sai ranar da aka ce ɗanmu bai samu ba.

Na farko, sakamakon sakandare. Mutum zai ɗauka wanda ya riga ya yi digiri ya wuce maganar WAEC da NECO, amma ba haka ba ne. Makarantar karatun gaba da digirin farko takan sake duba kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, kuma a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Na biyu, digirin farko daga jami'ar da aka amince da ita, da maki mai kyau. A ma'aunin da ƙololuwarsa 5.0 ce, jami'o'i da yawa ba sa karɓar ƙasa da 3.0 a digiri na biyu na bincike. Na uku, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa daga NYSC. Na huɗu, cikakkiyar takardar sakamako, wadda ke nuna makin kowane darasi tun daga ajin farko har na ƙarshe, kuma jami'ar da ɗalibi ya gama ce ke aika ta kai tsaye. Na biyar, takardun shaida daga malaman da suka san ɗalibin. Bayan wannan, sassa da yawa suna yin jarrabawar tantancewa ko ganawa ido da ido. Mai neman digiri na uku kuma sai ya zo da na biyu mai nauyi, akasari maki 3.5 zuwa sama ko kashi 60 cikin 100, tare da tsarin binciken da yake son yi.

Akwai wani abu da ke ruɗar iyaye a nan. A jami'o'in Najeriya da yawa, digirin harhaɗa magunguna ba a raba shi aji-aji kamar sauran digiri. Takardar ba za ta ce daraja ta ɗaya ko ta biyu ba, za ta ce ya ci ne kawai, ko ya ci da yabo. Wannan ya sa wasu yara ke cewa ai da mai 4.5 da mai 2.5 duk takarda ɗaya za a ba su, lasisi ɗaya za su karɓa, don haka a lallaɓa a fita kawai. Gaskiya ne a ranar yaye ɗalibai ba a ganin bambanci. Amma makin yana nan a rubuce a ofishin jami'a, kuma ranar da aka nemi digiri na biyu shi za a fara buɗewa. Abin da ya kama ɗan dattijonmu ke nan. Darasin da ya yi wa riƙon sakainar kashi a aji biyu da aji uku, shi ne ya tare masa hanya bayan shekara shida.

Wani abin kuma da ya kamata mu gane: shiga digirin farko ta JAMB ake yi, kuma a jami'o'in tarayya akwai rabon gurabe da aka daɗe ana bi, kashi 45 na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Neja tana cikin waɗannan jihohi, kuma yaranmu sun amfana. Digiri na biyu ba ya bi ta JAMB. Sashe ne ke duba takardu, ya duba yawan malaman da za su iya duba kundin bincike, ya ɗauki adadin da zai iya. Wanda ya saba da cewa sunan jiharsa zai taimake shi, a nan sai ya tarar da takardarsa ce kaɗai ke magana.

To me ya sa muke goyon bayan waɗannan sharuɗɗa, alhali 'ya'yanmu ne suke kayarwa?

Saboda mun san abin da mai wannan digiri zai riƙe a hannunsa. Wanda ya yi digiri na biyu ko na uku a wannan fanni shi ne zai koyar da masu zuwa. Shi ne zai tsaya a ɗakin gwaji ya ce wannan maganin ya cika ko bai cika ba. Shi ne zai zauna da likita a asibiti ya ce wannan ƙwayar ba za ta haɗu da waccan ba a jikin mai ciwon ƙoda. Ba mu manta da maganin haƙoran yara na My Pikin ba, wanda a 2008 ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan saboda wani sinadari mai guba da ya shiga cikin haɗin. Iyayen da suka ɗura wa yaransu wannan magani ba su da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar. Amana suka ba wa waɗanda aka ce sun sani. Idan muka nemi a sassauta wa ɗanmu yau, wata ƙungiyar a wani gari za ta nemi a sassauta wa nata gobe, kuma maganin da ɗan nasu zai sa wa hannu a Kasuwar Kure za a sayar da shi, jikokinmu ne za su sha.

Sannan mu dubi waɗanda suka yi wa ƙasar nan aiki a wannan fanni. Marigayiya Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008 ta kuma yaƙi jabun magunguna har aka nemi ranta, masaniyar harhaɗa magunguna ce da ta yi digirin farko a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1978, ta yi na uku a can a 1985. Ƙarfin halinta nata ne, amma ilimin da ya sa ba a iya yi mata wasa da hankali a ɗakin karatu ta same shi. A nan kusa da mu, a Idu da ke Abuja, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD. A can ne, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, aka ɗauki wani haɗin gargajiya na ciwon sikila aka yi masa binciken kimiyya har ya zama maganin Niprisan. Cikin abubuwan da ke cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa, kayan da kowace uwa a Limawa ko Kpakungu ta sani. Abin da ya raba su da abin da ke cikin kicin ɗinmu shi ne wanda ya san yadda ake tace su, a auna su, a gwada su, a tabbatar ba su cutarwa. Wannan shi ne aikin da digiri na biyu da na uku ke koyarwa, kuma ba a koyar da shi ga wanda tushensa na Kemistiri ke rawa.

Jiharmu ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, tana da ƙananan hukumomi 25, daga Suleja har Borgu. Dazukanmu cike suke da itatuwan da masu maganin gargajiya na Nupe da Gbagyi da Kambari da Hausa da Fulani ke aiki da su tun kaka da kakanni. Muna da Babban Asibitin Minna, da Asibitin Ƙwararru na IBB, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida, da manyan asibitoci a Kontagora da Suleja. Duk waɗannan wurare suna buƙatar ƙwararru, ba masu miƙa magani ta taga kawai ba. Amma a ƙauyukanmu da yawa, mai kemis ne likita, shi ne mai allura, shi ne mai ba da shawara. Ba mu raina masu kemis ba, da yawansu suna ceton rai inda babu kowa. Sai dai lasisinsu na sayar da wasu magunguna ne da aka iyakance, kuma suna buƙatar masana a sama da su da za su horar da su su kuma sa musu ido. Idan ba mu samar da waɗannan masana daga cikinmu ba, wa muke jira?

Akwai masu cewa, kuma maganarsu tana da nauyi, sharuɗɗan ba su yi wa ɗan talaka adalci ba. Yaron da ya yi sakandare a makarantar da babu malamin Fizis, ya shiga jami'a da ƙyar, yana karatu yana tunanin abin da zai ci, ta yaya za a auna shi da ma'auni ɗaya da wanda ya tashi cikin wadata? Mun yarda ba a tashi daga wuri ɗaya ba. Amma gyaran wannan yana farkon hanya, a ajin sakandare da ɗakin kwanan ɗalibai. Idan aka bar yaro da yunwa shekara biyar sannan aka zo ranar fom aka nema masa alfarma, an cuce shi sau biyu. Za a jefa shi cikin karatun da makin cinsa 50 ne, da binciken da sai ya tsaya gaban malamai da mai jarrabawa daga wata jami'a ya kare shi da bakinsa. A wannan ɗaki babu babban da zai shiga da shi.

Akwai kuma masu cewa me ma za a yi da digiri na biyu, tunda mai lasisi zai iya buɗe shagonsa a Bosso ko Tunga ya samu abin da malamin jami'a bai samu ba. Wannan ma gaskiya ne ga wasu, kuma ba kowa ne ya kamata ya koma aji ba. Famasin unguwa da ke hannun masani mai tsoron Allah alheri ne babba. Ga wanda yake son zurfafa ƙwarewa a aikin asibiti ko na al'umma ba tare da ya zama malamin jami'a ba, akwai Kwalejin Ƙwararrun Masana Harhaɗa Magunguna ta Afirka ta Yamma, wadda ke da jarrabawa mataki-mataki har mutum ya zama cikakken ɗan kwaleji, kuma yana iya yi yana kan aikinsa. Abin da muke cewa shi ne yaro ya zaɓa da idonsa a buɗe, kada makin da ya yi sakaci da shi ya zaɓa masa.

Wani kuskure da muke yawan ji a nan Minna ya shafi yaranmu da suka karanta Bayokemistiri ko Kemistiri ko ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya ko a Jami'ar IBB da ke Lapai. A jami'o'i da dama ana karɓar irinsu a digiri na biyu a wasu sassan tsangayar harhaɗa magunguna, kamar sashen nazarin aikin magani a jiki, ko na magungunan da ake samu daga tsirrai, ko na sinadaran magani. Wannan ƙofa ce mai kyau ga mai son bincike. Amma kada wani ya ruɗe ku: wannan digiri ba ya mayar da mutum masanin harhaɗa magunguna mai lasisi. Hukumar PCN, wadda dokar 2022 ta sake wa fasali, ba ta yi wa mutum rajista sai ya yi digirin farko na fannin, ya yi horon shekara ɗaya a wurin da ta amince da shi, ya kuma ci jarrabawarta. Mun san iyayen da suka kashe kuɗi suna zaton ɗansu zai fito ya buɗe famasi, sai daga baya suka gane ba nan hanyar ta nufa ba. Shi kuma sashen harhaɗa magunguna na asibiti, na masu lasisi ne.

Yanzu mu zo ga laifin da ba na yara ba. Maganar 'yar baiwar Allah nan ta tsaya mana a rai. Yarinya ta yi abin da aka ce ta yi, ta biya kuɗin takardar sakamako, ta yi ta zirga-zirga a hanyar da kowa ya san halin da take ciki, a ce mata fayil bai fito ba, a ce mai sa hannu ya yi tafiya, har shekara ta wuce ta. Wannan zalunci ne, kuma ba ita kaɗai ba ce. Jami'ar da ke neman ɗalibi ya cika sharaɗi a kan lokaci, ita ma ta cika nata a kan lokaci. A zamanin da ake tura kuɗi ta waya cikin minti ɗaya, babu hujjar da za ta sa takarda ta yi wata shida tsakanin ofis biyu. A nan ne manyanmu ke da aiki. Idan za su ɗaga waya, su ɗaga don a ba yarinya haƙƙinta. Wannan ba alfarma ba ce.

Mu lissafa shekarun, don iyaye su san abin da suke shiga. Tsohon digirin shekara biyar ne, sabon tsarin Pharm.D da jami'o'i ke komawa kansa shekara shida. Ƙara shekarar horo, ƙara ta bautar ƙasa. Yaron da ya shiga jami'a yana da 18 zai kai 26 kafin ya cika fom ɗin digiri na biyu, idan komai ya tafi daidai. Kuma ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Digiri na biyu zai ɗauki kamar shekara biyu, na uku aƙalla uku. A wannan tsakanin ne ake aure, ake haihuwa, ake fara ɗaukar nauyin iyaye. Ga 'ya'yanmu mata, a nan ne da yawa ke tsayawa, ba don makinsu bai kai ba, sai don babu wanda ya zauna da miji da iyaye aka tsara yadda za a yi da yara da tafiya Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Ilori. Alhali matanmu sun fi sakin jiki su faɗi damuwarsu ga mace 'yar uwarsu. Kuɗin bincike kuma, na sinadarai da dabbobin gwaji da kai samfuri wani gari a auna, yawanci daga aljihun ɗalibi yake fita. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, wanda ke aiki a asibiti ko famasi ba ya ciki.

Saboda haka ga abin da muka ɗaura niyya, kuma muna neman hannun kowa. Za mu tattara sunayen yaranmu da ke karatun harhaɗa magunguna a kowace jami'a, mu haɗa kowanne da wani babba a fannin da zai riƙa tambayarsa sakamakonsa kowane zango, tun daga ajin farko. Za mu nemi matasanmu da suka yi kimiyya su ba da ranar Asabar don koyar da 'yan sakandare Fizis da Kemistiri a unguwanni. Za mu ware wani kaso daga asusun ilimi don kuɗin bincike na wanda ya samu gurbi da guminsa. Muna kuma kira ga Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Jihar Neja da Ma'aikatar Lafiya su dubi masu digiri na biyu a fannin magunguna, a ba ma'aikaci hutun karatu da albashinsa, da sharaɗin ya dawo ya yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Mun san wasu za su samu takarda su haye jirgi zuwa Ingila ko Saudiyya. Yarjejeniya a rubuce da wurin aiki mai kayan aiki su ne za su rage wannan, hana su karatu ba zai rage ba.

Ga matasa masu shirin nema: ku nemi takardar sakamakonku tun kuna bautar ƙasa, kada ku jira a fara sayar da fom. Ku karanta sharuɗɗan sashen da kuke so da idonku a shafin jami'ar, domin na Zariya ba lallai ya zama na Jos ba, kuma suna canjawa. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a duk takardunku. Kada ku yanke zumunci da malamanku, su ne za su rubuta muku shaida. Ku je da tambayar da kuke son bincike a kanta, daga abin da kuke gani kullum a wurin aiki: yadda ake shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, yadda zafin Minna na watan Maris ke taɓa maganin da aka ajiye a shagon da babu wuta, ko ganyen da kakarku ke dafawa idan zazzaɓi ya kama yaro. Kuma duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo muku gurbi, ku riƙe kuɗinku.

Ɗan dattijonmu mun zauna da shi. Mun nuna masa akwai sassan da ke da babbar difloma ta bayan digiri, wadda idan ya yi ta da kyau za ta iya zama masa tsani, akwai kuma hanyar kwalejin ƙwararru. Ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Ita kuma yarinyar, mutum biyu daga cikinmu za su raka ta jami'arta da rasit ɗinta a mako mai zuwa, kuma za mu sanar da ku yadda aka yi a zama na gaba. Duk mai yaro a wannan fanni ya kawo sunansa wurin sakatare.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.